Gajeren zama na minti 25 ko dogon zama na awa uku: wanne ya dace da mai rubuta manhaja a Katsina?

Cikin 'yan shekarun nan matasan Katsina da Daura da dama sun rungumi sana'ar rubuta manhaja. Wasu sun faro ta ne daga sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Jami'ar Al-Qalam ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, wasu ta shirin horar da matasa fasahar zamani mai suna 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, wasu kuma da kansu suka koya daga bidiyon YouTube a cikin ɗakunansu. Duk ta inda mutum ya biyo, kukan da aka fi ji daga bakinsu iri ɗaya ne: a zauna gaban kwamfuta tun da hantsi, a tashi da la'asar sakaliya, amma in an duba abin da aka kammala sai a ga bai kai aikin awa ɗaya ba. Masu ba da shawara sukan nuna wa irin wannan matashi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu, ko ya yanka aikinsa gajere-gajere da agogo, ko ya keɓe dogon lokaci wanda ba abin da zai shiga cikinsa. Hanyoyin nan biyu suna cin karo da juna a wurare da yawa, kuma dukansu an tsara su ne a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, ba a kuma yi wa mutum sallama a ƙofar gida ba tare da an sanar da shi ba. Saboda haka ya kamata a auna su da ma'aunin garinmu kafin a zaɓa.

Hanya ta farko ita ce wadda aka fi sani da Pomodoro. Wani ɗan Italiya mai suna Francesco Cirillo ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1980, lokacin yana ɗalibin jami'a, da ɗan agogon kicin mai siffar tumatir. Mutum zai zaɓi aiki guda, ya saita ƙararrawa ta minti 25, ya duƙufa a kan aikin nan shi kaɗai har ta buga, sannan ya huta minti 5. Idan ya yi zagaye huɗu sai ya yi hutu mai ɗan tsawo, na minti 15 zuwa 30. A ƙa'idarta ta asali zagaye ba ya rabuwa biyu: in wani abu ya katse shi a tsakiya, ya ɓaci, sai a sake sabo.

Hanya ta biyu ba ta da mai ita guda ɗaya, amma wanda ya fi fayyace ta ga masu rubuta manhaja shi ne Paul Graham, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Y Combinator, kamfanin da ke tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a Amurka. A wata maƙala da ya fitar a 2009 ya bambanta jadawalin shugaban ma'aikata, wanda yininsa ke rabe awa-awa, da jadawalin mai ƙera abu irin su mai rubuta manhaja, wanda yake bukatar aƙalla rabin yini a dunƙule, har ya nuna cewa taro guda ɗaya a tsakiyar yamma yana iya lalata yammar gaba ɗayanta, domin ya raba ta gida biyu, kuma kowane gida ya yi kaɗan ga aiki mai wuya. Mai bin wannan hanya yakan ware awa biyu zuwa huɗu, ya rufe ƙofa, ya kashe sanarwar saƙonni, ya kuma bar aikin ya nuna masa inda zai tsaya.

Kafin a yanke hukunci tsakaninsu sai an fahimci abin da ke faruwa a kan mutum sa'ad da yake rubuta manhaja. Wanda yake neman kuskure a cikin manhajar biyan kuɗin makaranta, alal misali, yana riƙe da abubuwa da yawa a ransa lokaci guda: inda bayanin ɗalibi ya shigo, sashen da ya sauya shi, abin da rumbun bayanai ya mayar, da kuma zato biyu ko uku da ya riga ya gwada suka faɗi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake rubuce a fuskar kwamfuta. Masanin halayyar ɗan Adam Nelson Cowan ya nuna a 2001 cewa abubuwan da hankali ke iya riƙewa a lokaci ɗaya ba su cika wuce huɗu ba, don haka abin da mai manhaja ya tara a kansa ba shi da wurin ajiya na biyu. Halinsa kamar na ɗan kasuwa ne mai ƙirga kuɗi da ka, wanda in aka gaishe shi a tsakiyar ƙirga ya amsa, dole ya koma farko. Chris Parnin da Spencer Rugaber na jami'ar Georgia Tech sun nazarci zaman aiki kusan 10,000 na masu rubuta manhaja 86, suka gano cewa a kashi 10 cikin 100 kacal ne mutum ya ci gaba da rubutu cikin ƙasa da minti ɗaya bayan an katse shi. Parnin ya bayyana cewa abin da aka saba gani shi ne minti 10 zuwa 15 kafin hannu ya koma kan aiki.

Wannan lissafi shi ne babbar hujjar masu sukar gajeren zama. Idan komawa cikin aiki mai sarƙaƙiya tana cin minti 10, zagayen minti 25 ya rage saura 15 na ainihin tunani, kuma daidai lokacin da zaren matsalar ya fara bayyana ƙararrawa za ta buga. Gaskiya ne hutun da mutum ya shirya wa kansa bai kai katsewar ba-zata illa ba, kuma binciken da Brian Bailey da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Illinois ya nuna cewa katsewar da ta zo a kan gaɓa, wato bayan an gama wani yanki kafin a shiga na gaba, ta fi sauƙin farfaɗowa. Sai dai agogo bai san gaɓa ba. Yana bugawa ne a minti na 25 ko da mutum yana tsakiyar jimla. A ganina, ga aikin da ya shafi tsara ginin manhaja tun daga tushe, ko farautar kuskuren da ya ƙi fitowa, ko karanta rubutun wani don a fahimci manufarsa, dogon zama ya fi gajere nesa ba kusa ba.

To amma akwai abin da masu yabon dogon zama suke yawan tsallakewa, shi ne cewa yawancin mutane ba su kai ga zaman ba tukuna, a bakin ƙofarsa suke maƙale. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikata ke tsayawa a kan abu guda a fuskar kwamfuta kafin su juya zuwa wani. A 2004 ta sami kimanin minti biyu da rabi, a 2012 ya sauko zuwa sakan 75, a shekarun baya-bayan nan kuma ya tsaya wajen sakan 47. Ta kuma lura cewa kusan rabin katsewar da ake samu mutum ne yake yi wa kansa, ba wanda ya kira shi, ba wanda ya turo masa saƙo. Wanda hankalinsa ya saba da irin wannan tsalle-tsalle, in aka ce masa ya zauna awa uku, alkawari ne aka ɗora masa wanda ba zai iya cikawa ba, kuma idan ya saɓa shi kwana biyu a jere sai ya yanke ƙauna ya ce shi ba shi da kan wannan sana'a. Minti 25 kuwa abu ne da ko mai ƙiwa zai iya ɗauka. Amfanin gajeren zama mafi girma yana wajen farawa, domin yana rage nauyin aikin da mutum yake ta cewa sai an jima, ya mayar da shi ɗan abin da za a gama kafin shayi ya huce. Yana kuma ba mai koyo abin ƙirgawa, ya san cewa yau ya yi zagaye shida na gaske, maimakon ya ce ya yini yana karatu.

Gajeren zama yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Mai manhaja yakan kafe a kan hanyar da ba za ta ɓulle ba, ya yi ta gyara layi ɗaya har awa biyu, alhali matsalar tana wani wuri daban. Ƙararrawar da ta tilasta masa tashi ya sha ruwa, ya miƙe ƙafa, ya kalli nesa don idonsa ya huta, sau da yawa ita ce take sa ya dawo ya ga abin da yake gabansa tun ɗazu. Dogon zama ba shi da wannan birki, kuma yana da iyakar da jiki ya gindaya masa. A binciken da Anders Ericsson da abokansa suka buga a 1993 a kan ɗaliban goge na wata makarantar kiɗa da ke Berlin, waɗanda suka fi ƙwarewa ba su cika wuce awa huɗu a yini suna atisaye mai tsanani ba, kuma ba a zama ɗaya suke yi ba, sun fi yi da safe, suna kuma yin barcin rana. Wanda ya ce yana awa takwas a dunƙule cikin zurfin tunani, mafi yawan lokaci yana ƙirga har da awannin da ya yi yana kallon fuskar kwamfuta ne kawai.

Idan aka dawo gida, za a ga cewa yinin Bakatsine ya riga ya zo a yanke, kuma yankan ba daidai wa daida ba ne. Daga sallar Asuba, wadda ake yi tsakanin ƙarfe 5 da 6 gwargwadon lokacin shekara, har zuwa Azahar da yawancin masallatai ke yi wajen ƙarfe 2, akwai kusan awa takwas da babu sallar farilla a cikinsu. Daga Azahar zuwa Isha kuwa salloli huɗu ne a cikin awa shida ko makamancin haka, kuma kowace tana tafe da alwala, tafiya masallaci, da gaisawa a hanyar dawowa. Wanda ya sa dogon zamansa da yamma yana kokawa da tsarin yinin ne, kuma yinin zai kayar da shi. Tazarar Azahar zuwa La'asar, bayan an cire abinci, ba ta fi zagaye uku na gajeren zama ba, haka ma ta La'asar zuwa Magariba. Safiya ce kaɗai ke iya ɗaukar awa uku ba tare da an ci haƙƙin komai ba, kuma addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa al'ummarsa ta neman albarka a sammakonta, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, sananniya ce a wurin kowa. Yanayi ma yana goyon bayan safiya. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a Katsina da Daura yakan kai digiri 40 ko ya haura, ɗakin kwano ya zama ba ya zaunuwa, ita kanta kwamfutar in ta yi zafi takan rage gudunta don ta kare kanta, fankarta ta yi ta ƙara.

Wasu sukan zaɓi dare maimakon safiya, kuma suna da hujja: gari ya yi tsit, baƙi sun ɗauke ƙafa, iska ta yi sanyi, kamfanonin waya kuma suna da rahusar data ta dare. Ban raina wannan zaɓi ba, amma kuɗinsa ana biya ne da barci, kuma wanda ya kwanta ƙarfe 2 ya tashi Asuba ya ci bashin da safiyar gobe za ta biya. Dare yana dacewa ne kawai ga wanda zai iya rama barcinsa da hantsi ko da ƙailula ba tare da wani aiki ya hana shi ba. Wanda yake yi wa kamfanin waje aiki kuma sai ya duba agogonsu. Birnin New York yana bayanmu da awa 5 ko 6, don haka ƙarfe 9 na safiyarsu ƙarfe 2 ko 3 na ranarmu ne, safiyar mai aikin ta zama tasa gaba ɗaya. Landan kuwa lokacinmu ɗaya da ita a rabin shekara, a ɗaya rabin tana bayanmu da awa ɗaya, saboda haka mai aiki da Ingila ko Jamus taronsu na safe zai same shi da hantsi, kuma dogon zamansa dole ya kasance tsakanin ƙarfe 6 da 9.

Batun wuta yana sauya lissafin sosai. Dogon zama yana bukatar tabbacin cewa kwamfuta ba za ta mutu a tsakiya ba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kunna janareta awa uku kullum saboda kwamfuta ɗaya ya fi ƙarfin mai koyo. Wanda yake da ƙaramar sola da inbata, ko kwamfutar da batirinta ke ɗaukar awa huɗu, ya tsira daga wannan, domin kwamfutar cinya ba ta da cin wuta, cajar yawancinsu wat 45 zuwa 65 ce. Irin wannan mutum zai iya cika batir da dare, ya rage hasken fuskar kwamfuta da safe, ya yi aiki har batirin ya yi ƙasa, batirin ya zame masa agogo. Amma wanda yake da tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ba ya kai minti 40, aikinsa yana hannun masu kawo wuta, kuma gajeren zama ne ya dace da shi, domin bai san ko awa nawa aka ba shi ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya adana aikinsa a Git, wato manhajar da ke ajiye kowane sauyi da aka yi a aiki, a ƙarshen kowane zagaye, tare da layi ɗaya da ke bayyana inda ya tsaya, ta yadda ɗaukewar wuta ba za ta ci masa fiye da minti 25 ba.

Intanet ma haka take, tana da fuska biyu. Dogon zama ya fi tsabta idan an kashe data gaba ɗaya, kuma hakan mai yiwuwa ne fiye da yadda ake zato: ana iya sauke littafin bayanin harshen rubuta manhaja na Python a ajiye a kwamfuta, manhajojin karanta irin waɗannan littattafai kamar DevDocs da Zeal suna aiki ba tare da intanet ba, Git kuma ba ya bukatar layi sai lokacin tura aiki. Waɗanda suke ƙananan hukumomi 13 na jihar nan da aka katse wa layukan waya a watan Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro sun ga amfanin ajiye kayan aiki a cikin kwamfuta. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a farkon 2025, kashe ta na awa uku yana rage kashe kuɗi ma. Tambayar da ta taso a tsakiyar aiki sai a rubuta ta a takarda, a haɗa su a nema gaba ɗaya daga baya. Wanda aikinsa ya dogara da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ko GitHub Copilot ba zai iya kashe data ba, kuma yana da tarko na musamman, wato 'yan sakan ɗin da yake jiran amsa, waɗanda a cikinsu hannu ke zamewa zuwa wani shafi. Shi sai ya toshe shafukan da ke jansa da manhaja irin su LeechBlock ko Cold Turkey.

Babban raunin gajeren zama a aikace yana cikin hutun minti 5 ɗin nan. A cikin awa uku mai wannan tsari yana samun hutu biyar ko shida, kuma kowane hutu ƙofa ce. Idan ya buɗe WhatsApp ya tarar da gardamar siyasa a zauren 'yan ajinsu, ko ya shiga TikTok ko Facebook, ko da ya iya fita a kan lokaci, abin da ya gani yana biyo shi cikin zagaye na gaba. Sophie Leroy ta nuna a wani bincike na 2009 cewa idan mutum ya bar wani abu bai kammala ba ya koma wani aiki, wani yanki na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, ƙoƙarinsa a na biyun ya ragu. Saƙon da aka karanta ba a amsa ba abu ne da ba a kammala ba. Don haka gajeren zama ba ya aiki sai in hutunsa na jiki ne, a tashi, a zagaya tsakar gida, a wanke fuska, waya kuma tana inda aka ajiye ta.

Wayar ita ce sharaɗin da hanyoyin biyu suka haɗu a kansa, kuma nan ma akwai zaɓi, ko a ɗaure ta da saiti ko a nisanta ta. Wayoyin Android, har da Tecno da Infinix da suka cika hannun jama'a, suna da tsarin hana damuwa da kuma na dakatar da zaɓaɓɓun manhajoji, iPhone ma tana da nata. Matsalar saiti ita ce wanda ya ɗaura shi ne yake riƙe da mabuɗinsa. A 2017 Adrian Ward da abokan aikinsa sun gwada mutane kusan 800, wasu wayarsu tana kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki, kuma waɗanda suka bar ta a wani ɗaki su ne suka fi ƙoƙari a gwajin riƙe abu a ka. Wasu da suka maimaita gwajin daga baya ba su sami bambanci mai ƙarfi haka ba, amma ba a bukatar bincike kafin a yarda cewa wayar da sai an tashi an taka kafin a ɗauko ta ba a duba ta sau talatin. Tsoron da ke hana mutane nisanta ta shi ne kada mahaifi ya kira ko wani abu ya faru, kuma tsoro ne mai tushe. Maganinsa mafi sauƙi shi ne ƙaramar waya mai tocila da layin da iyali kaɗai suka sani. Wanda ba shi da ita zai iya barin kiran zaɓaɓɓun mutane ya shigo, kuma Android tana iya barin kiran duk wanda ya sake kira cikin minti 15 ya wuce, iPhone kuma cikin minti 3.

Saura mutane, kuma a nan ne shawarar da ake kwasowa daga waje ta fi gazawa. A Katsina ba a ɗaukar wanda yake zaune a gida da kwamfuta a matsayin wanda ya tafi aiki. Shi za a aika kasuwa, shi zai kai yara Islamiyya, shi aboki zai yi wa sallama don ya san yana nan, ga ɗaurin aure, ga suna da sassafe, ga jana'izar da ba ta ba da sanarwa. Zumunci ba abin da za a jera cikin masu ɓata lokaci ba ne, kuma kiran iyaye ba ya jiran ƙararrawa. Gajeren zama ya fi sauƙin sasantawa da wannan rayuwa, domin abin da mutum yake roƙo kaɗan ne. Zai iya leƙowa ya ce, "Yaya, sannu da zuwa, don Allah a ba ni minti goma in rufe abin da nake yi," kuma ba wanda zai ji an wulaƙanta shi. Dogon zama kuwa ba ya yiwuwa sai da yarjejeniyar da aka ƙulla tun kafin lokacin. Dole mutum ya zauna da mutanen gida ya yi musu bayani, ya ce wa mahaifiyarsa, "Hajiya, daga bayan karin kumallo zuwa sha ɗaya ina kan aikin da ake biyana, duk aiken da ba na gaggawa ba a tara mini, in na fito zan yi su gaba ɗaya." Sannan ya cika wannan alkawari, domin ranar da ya fito ya ci gaba da latsa waya aiken yana jira, ranar yarjejeniyar ta mutu. Idan gidan bai ba da wannan dama ba, sai a fita, ko ɗakin karatu na makaranta, ko wata cibiyar fasaha, ko ofishin wani ɗan uwa da ba kowa da safe, tare da sanin cewa kuɗin Keke Napep da na zama suna cikin lissafi, kuma wurin da abokai suka taru da kwamfutoci yana iya rikiɗewa ya koma majalisa.

Daga duk wannan, ga yadda nake ganin zaɓin. Mai koyo da bai wuce shekararsa ta farko ba ya ɗauki gajeren zama, domin darussansa da atisayensa gajeru ne tun asali, kuma abin da ya fi bukata shi ne ya saba da zama kullum. Haka ma'aikacin sakatariya ko mai shagon buga takardu da rajistar jarrabawa, wanda kowane lokaci wani zai iya shigowa, da uwa mai shayarwa wadda lokacinta yake zuwa guntu-guntu tsakanin girki da barcin yaro. Waɗannan in suka jira samun awa uku ba za su taɓa farawa ba, kuma ya halatta su sassauta ƙa'idar nan ta cewa zagayen da aka katse ya ɓaci, su ɗora daga inda suka tsaya. Amma wanda ya riga ya fara karɓar aikin kuɗi, yana gina manhajar asibiti ko ta makaranta ko ta shago, ko ɗalibin ajin ƙarshe da yake kan aikin kammala karatu, ba shi da makawa sai ya nemi dogon zama guda ɗaya a yini ya kare shi da duk abin da zai iya, ya bar amsa saƙonnin kwastoma, rubuta rahoto da ƙananan gyare-gyare zuwa yamma, inda gajeren zama zai kwashe su. A watan azumi ko ranar Juma'a zaman zai gajarta, kuma ba laifi ba ne.

Tsawon zaman ma ba dole ya tsaya a kan minti 25 ko 180 ba. Mai koyon da ya ga ƙararrawa ta fara ba shi haushi domin tana tsinke masa tunani, alama ce ta cewa ya girme ta, sai ya koma minti 50 da hutun 10, daga baya ya kai 90. Mai dogon zaman da ya wayi gari ya kasa farawa zai iya aron zagaye ɗaya na minti 25 don ya shiga, in ya ji aikin ya kama shi ya kashe agogon ya ci gaba. Kowanne aka zaɓa, a gwada shi mako biyu cur kafin a yanke masa hukunci, kuma a riƙa rubuta abin da aka kammala a kowace rana maimakon awannin da aka zauna. Kafin a tashi daga kowane zama, musamman in kiran salla ne ya tayar da mutum a tsakiyar matsala, a ɗauki minti ɗaya a rubuta abu uku a takarda ko a saman fayil ɗin: abin da ake ƙoƙarin yi, abin da aka gwada bai yi ba, da abin da za a fara gwadawa in an dawo. Binciken Masicampo da Baumeister na 2011 ya nuna cewa tsara takamaiman mataki na gaba yana rage yadda aikin da ba a gama ba ke kutsowa cikin tunani, don haka mutum zai yi sallarsa da natsuwa, in ya dawo kuma ya tarar da rubutaccen wurin farawa maimakon ya kashe minti 15 yana laluben inda ya tsaya.